Wuƙar sassaƙa daga tsohon magagari

Asabar, bayan isha'i.

Da sanyin safiya na isa maƙerar Baba, na tarar har ya hura wuta. Tsohon magagarin da na sayo a Kasuwar Ƙofar Ruwa ya kwana cikin toka, domin tun jiya ya gasa shi ya yi jajir sannan ya binne. In ya huce a hankali haka ne yake laushi ya karɓi masaba. Ni dai gizago ya ishe ni fafe akushi, amma gyaran bakin muciya da zane a jikin ƙota sai ƙaramar wuƙa, kuma na kasuwa ba sa jure itace mai tauri, yanzu ka wasa yanzu ta dakushe.

Ni ke zuga, shi ke ƙira. Gawayin ƙirya kaɗai yake yarda da shi, don yana daɗewa kuma wutarsa da ƙarfi. Da ya ɗora ƙarfen kan uwar maƙera na roƙe shi ya bar ruwan wuƙar da ɗan tsawo. Ya girgiza kai. "Ɗana, ba rago za ka yanka ba. Ta wuce tsawon babban yatsanka, ba za ta bi hannunka ba." Ya datse, ya fitar da tsini, ya ja wutsiyar da za ta shiga ƙota. Sauran gyara ya bar mini, na goge haƙoran magagarin tas har azahar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsomawa. Baba ya sa aka rufe ƙofar rumfar da buhu don ya ga launin ƙarfen sosai, ya hana kowa magana. Na zo da mayen ƙarfe a aljihu, saboda ƙarfe in ya kai zafin digiri 770 a ma'aunin Celsius, mayen yakan daina kama shi. Kafin in miƙa hannu ya ce, "Gwada, ta yi." Na kara, bai kama ba. Idonsa ya riga ni. Ya cafke ta da awartaki ya tsoma cikin man gyaɗa, kaifi a ƙasa, hayaƙi ya turnuƙe. Ruwa yana tsaga siririn ƙarfe irin wannan, shi ya sa ba ya kusantarsa.

A nan ta yi tauri amma tana iya karyewa, sai ya goge ta da dutse, ya ɗora gadon bayanta kan wani ƙarfe da ya yi jajir a wuta, muna kallo launi yana tafiya zuwa baki. Da kaifin ya yi kalar busasshen karan dawa ya ɗauke. Wallahi wannan ilimi ne, kuma yana damuna ganin babu yaro ko ɗaya a gidan da ya zauna yake koyo.

Ƙotar marke na yi mata, mai ɗan ciki don ta cika tafin hannu. Bayan la'asar na wasa ta, na gwada a guntun aduwa, irin wadda ake allo da ita. Tana tafiya ba gardama, wurin da ta bi har sheƙi yake. Baba ya ƙi karɓar kuɗin ƙira, ya ce in sassaƙo masa sabuwar ƙotar masaba. Gobe in Allah ya kai mu da ita zan fara, kafin in je wurin baduku ya ɗinka kube.