Janareta a Bayan Bango, Kwamfuta a Ciki

Kusan duk wanda ya kawo mini matacciyar kwamfuta sai ya ce, "Malam, ina jin maganaɗisun janareta ne ya cinye ta." Gyaran kwamfuta nake yi tun zamanin da ake ajiye aiki a filofi, kuma a nawa ganin laifin da ake ɗora wa maganaɗisun nan ya fi ƙarfinsa.

Ba wai zancen ba shi da tushe ba ne. A cikin janareta akwai maganaɗisu mai juyawa a tsakiyar naɗin waya, shi ke haifar da wutar. Ƙananan na fetur suna juyi 3,000 a minti don su ba da 50 Hz, wato wutar da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, irin wadda muke amfani da ita a Najeriya, manyan na dizal kuwa galibi 1,500. Kaɗan daga ƙarfin maganaɗisun yana fitowa waje, kuma bangon bulo ba ya tare shi.

Wanda ya sha wuyarsa shi ne tsohon monita mai doro. Hotonsa da wani siririn tartsatsin lantarki ake zana shi, ana harbo shi daga ƙeya, ana kuma sarrafa shi da maganaɗisu. To duk wani maganaɗisun da ya leƙo daga waje sai ya ture shi. An taɓa kirana wani shagon buga takardu a Samaru, Zariya, inda ɗalibai ke kai aikinsu. Da an ta da inji sai rubutu ya kama rawa a allo, yarinyar da ke bugun kullum da ciwon kai. Mai shagon har ya sayo wani monita, shi ma ya ɗora daga inda na farko ya tsaya. Da na zaga baya sai ga janareta jingine da bangon, daidai ƙeyar monitan. Allon yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, inji yana bugawa sau 50, wannan saɓanin ne ido ke gani kamar kaɗawa. Muka ja teburin taku biyu, rawa ta tsaya. Haka abin yake: in ka ninka tazara, ƙarfin yakan faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas. Mai shagon bai so biyan kuɗin aiki ba, wai ai tebur kawai na ja.

Allon zamani mai faɗi ba ruwansa da wannan. Filash da SSD (ma'ajiyar kwamfuta ta zamani marar faifai mai juyawa) ma ba da maganaɗisu suke ajiya ba. Shi kuwa faifan ajiya mai juyawa, buɗe ɗaya ka gani: a cikinsa akwai maganaɗisun da sai ka sa sukuddireba kafin ka ɓamɓare shi, kuma bai goge komai ba. Filofi da kaset su ne dai ba a ajiyewa kusa da inji ko sifika.

Abin da ke kashe kwamfuta ta waya yake shigowa. Injin fotokwafi ko firji ya ɗauka, janareta ya durƙusa, wuta ta faɗi, sannan ta yi tsalle. Mai ya kusa ƙarewa, inji ya fara tari, kowane tari kuma kayan cikin kwamfuta ne ke shan sa. In ta mutu tana tsakiyar ajiya, fayil ya lalace, sai a ce maganaɗisu ne. Shi ya sa wani UPS ɗin, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, ke ta ƙas-ƙas yana ƙin karɓar wutar ƙaramin inji, domin juyin injin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Akwai kuma girgiza: faifai yana juyi 5,400 ko 7,200 a minti, allurarsa tana shawagi dab da shi, kai kuma ka ɗora inji a dakali ɗaya da tebur.

Inda nake yarda da masu zargi shi ne wajen shimfiɗa waya. In aka ɗaure wayar intanet ko ta sifika tare da wayar janareta suka yi doguwar tafiya, za a iya jin gurnani a sifika, intanet ma ta riƙa yankewa. A raba su, in dole su haɗu to su gitta juna kawai.

A shagona inji yana can tsakar fili, ba don kwamfuta kaɗai ba, hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri. Akwai sitabilaiza da UPS a tsakani, an binne wayar ƙasa yadda ya kamata. Yaron shago kuma ya san doka: a bar inji ya daidaita kafin a ɗora masa kaya, a kashe kwamfutoci kafin a kashe shi.