Keke da babur mai caji a idon matasan Katsina

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, na lura kekuna sun fara dawowa titunan Katsina, musamman da sassafe a wajen Ƙofar Ƙaura. Na tambayi ƙanena, wanda ya kakkaɓe tsohon keken mahaifinmu ya sauya masa taya, ko kishin muhalli ne ya motsa shi, sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, aljihu ne ya koya mini." Yana sane da illar hayaƙi da kwararowar hamada, amma har yanzu abokansa na yi wa keke kallon alamar talauci. Babur mai caji kuwa yana burge su matuƙa, sai dai tsadarsa da rashin tsayayyar wutar lantarki sun sa yawancinsu sai kallo daga nesa.