Yamai ko Tawa: yadda uwargida ta ɓata mini lissafi

A farkon watan Maris na 2021 darektanmu ya kira ni ofishinsa a Maraɗi, ya ce aikin da nake riƙe wa lissafin kuɗi zai ƙare a watan Yuni, amma akwai gurbi biyu: ɗaya a babban ofishi na Yamai, ɗaya a reshen Tawa. Ya ba ni wata guda in yi shawara. Kafin ya rufe baki ni na riga na zaɓa. Wane ma'aikaci ne za a ce masa ga Yamai ya tsaya tunani? Can manya suke, can ake ganin fuskar mutum har a tuna da shi ranar ƙarin girma, ga kuma jika 40, wato sefa dubu 40, da za a ɗora mini a kan albashi.

Da dare na ɗauko takarda na ja layi a tsakiya, tunda sana'ata ke nan. Gefen Yamai ya cika har ya zuba: manyan asibitoci, makarantu iri-iri, Jami'ar Abdou Moumouni in yara sun girma, filin jirgi na ƙasa da ƙasa. Gefen Tawa abu biyu kawai na rubuta, arahar haya da kusa da gida. Na miƙa wa uwargida takardar ina jiran ta yaba. Ta karanta, ta juya bayanta ta ga babu komai, ta ce, "Malam, duk wannan garin da za ka yi aiki ne. Ina garin da ni da yara za mu yini?"

Raina ya ɗan sosu, ba na ɓoyewa. Amma na ce to, gani ya kori ji, bari in je in dubo.

Na yi kwana biyar a Yamai a gidan wani abokina a Talaje. Rana ta farko dillali ya karɓi kuɗin yawo, ya zagaya da ni Bobiel da Koira Kano da Yantala. Gidan da zai ɗauki mu biyar, mai ɗaki uku da falo da ɗan tsakar gida, ban ga na ƙasa da jika 120 ba a inda raina ya kwanta, kuma kowane mai gida sai ya ce a ba shi na wata uku a gaba. A Maraɗi jika 45 nake biya. Ƙarin albashin nan da nake ta murna da shi haya kaɗai ta cinye shi, har ta nemi ƙari.

Rana ta uku dillalin ya ce akwai wani gida a ƙetaren kogi, wajen Harobanda, jika 70. Muka haye gadar Kennedy. Gida ne mai kyau, ga bishiyar mangwaro, ga sabon fenti yana ƙyalli. Har na fara tunanin inda za mu aje gado. Da na fito sai na ga wani dattijo zaune a kan tabarma ƙofar gidan da ke kallon namu, na je na gaishe shi. Da ya ji Hausata ya ce, "Ɗan Katsinar Maraɗi ne?" Muka yi dariya. Na ce, "Baba, yaya zaman unguwar?" Bai ce komai ba, ya tashi ya kama hannuna ya kai ni bayan gidan, inda mai fenti bai kai ba. Wani layi ne mai duhu a jikin bango, daidai ƙuguna, ya tafi sambal daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya ce nan ruwa ya tsaya a watan Satumba na 2020, lokacin da kogi ya fasa madatsa ya shiga Lamorde da unguwannin da ke kewaye, mutane suka koma kwana a makarantu. Wata shida ke nan kacal da faruwar abin, na kuma ji shi a rediyo a lokacinsa, amma da yake cikin rani na zo, ƙasa ta bushe ƙaƙas, ko a raina. Tun ranar nan in zan duba gida sai na zagaya bayansa, kuma sai na gaida mai tabarma kafin in saurari dillali.

Abu na biyu da Yamai ta koya mini shi ne lokaci. Abokina yana fita da yaransa ƙarfe shida da rabi na safe, ya aje wannan a lakol, wato makarantar boko, ya aje wancan, ya shiga cunkoso, ba ya dawowa sai bayan magariba. Abincin rana a titi yake ci. Matarsa ta ce mini shekararta huɗu a gidan, maƙwabciyarta ta dama sunanta kawai ta sani. Ba laifin kowa ba ne, kowa na ta kansa. Kuma kada a ce wai matsalar yare ce, don Hausa tana kai mutum ko'ina a Yamai, daga kasuwar Katako har Wadata, ko da bai iya gaisuwar Zabarmanci ba.

Na dawo Maraɗi jikina ya yi sanyi, amma ban sallama ba. Akwai dalili guda mai nauyi da ya sa nake riƙe da Yamai. Ɗanmu na tsakiya yana da amosanin jini, wanda muke ce wa emasi, kuma babbar cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo a Yamai take. Duk wanda ya taɓa kwana zaune da yaro yana kukan ciwon ƙashi ya san ba a wasa da wannan.

Ana cikin haka sai ga labarin Tiliya. Ranar 21 ga Maris aka kai hari ƙauyukan yankin, gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe. Rediyo kuwa "jihar Tawa" yake cewa. Innata ta aiko a kira ni, ta ce, "Ɗan nan, in dai da izinina za ka tafi, ba za ka kai mini jikoki can ba." Na yi ta ƙoƙarin nuna mata cewa Tiliya tana can arewa maso yamma wajen iyakar Mali, tafiya ce mai nisa daga birnin Tawa, jihar Tawa daban, birnin Tawa daban. Ba ta saurara ba. Bayan kwana goma, daren 31 ga Maris, aka ji harbe-harbe kusa da fadar shugaban ƙasa a Yamai, aka ce yunƙurin juyin mulki ne. Da safe na je gaishe ta, ta dube ni ta ce, "To, ko'ina Allah ne ke tsarewa." Iznin ke nan.

Tawa kuwa uwargida ta ce ƙafarta ƙafata. Muka bar yara wajen Inna muka shiga motar safe, Gidan Rumji, Madawa, Galmi da buhunan albasarta a bakin hanya, Malbaza, sai Tsarnawa inda hanya ke karkata arewa, a bi ta Badagishiri. Kafin la'asar mun sauka. Tafiyar Yamai daga Maraɗi ta haura kilomita 600, wannan kuwa rabinta ce da ɗan ɗoriya. Ta ce in lura da wannan, domin ranar da aka bugo waya aka ce Inna ba lafiya, ba albashi ne zai kawo ni ba.

A kwana ukun da muka yi na ga yadda ake duba gari. Ni ina kallon kwalta da fitilun da aka yi wa garin lokacin bikin Tawa Sakola na 2017, ita tana shiga gidajen mutane. Sai ta yi sallama, ta nemi ruwan sha, ta zauna da matan gida. Kafin ta fito ta san ƙarfe nawa famfo ke kawo ruwa, nawa 'yan garuwa ke sayar da kura in ya ɗauke, wace islamiyya ce malaminta ba ya dukan yara, wane ɗan kabu-kabu ne mata suka yarda su ba shi yaro ya kai lakol. Ta sa muka je babban asibitin jiha da cibiyar kula da uwa da yaro, ba don mu ga gini ba. Ta samu wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta kai tsaye: in yaro mai emasi ya tashi da ciwo ƙarfe biyun dare, wace ƙofa za a buga, kuma in ana son jini yaya ake yi? Matar ta ce mata gaskiya, jini sau da yawa sai dangi sun kawo wanda zai bayar. Uwargida ta ce, "Mu da ba mu da dangi a nan fa?" Ta ce, "Hajiya, in kin zauna lafiya da maƙwabta kin yi dangi."

Mun dace ranar Lahadi ta same mu can, ranar kasuwar garin. Buzaye da Fulani da Adarawa, ga cuku, ga dabbobi, ga gero. Ta yi ta tambayar farashi tana ajewa a ka. Da dare ta ce mini ta zaɓa, in kuma na fi son Yamai za ta bi ni, amma in sani ita Tawa ta zaɓa.

Na fara aiki a watan Yuli, su kuma na bari sai ƙarshen Satumba, gab da buɗe makarantu a Oktoba, don kada a yanke wa babbar 'yarmu shekara. Wannan kam mun yi daidai.

Inda na yi kuskure shi ne gidan. Wanda ta nuna tun zuwanmu wani ya riga mu, sai na kama wani ni kaɗai, a kan tudu, jika 50, iska na shiga ta ko'ina. Da damina da lokacin sanyi lafiya lau. Da Afrilu ta kama, zafi ya haura digiri 40, sai ruwa ya daina hawowa tudun sai wajen ƙarfe ukun dare, wani lokaci ma shiru. Wata biyu uwargida tana kwana da kunne ɗaya a bakin famfo. Yaro mai emasi kuwa ba a barin jikinsa ya bushe, dole ya yi ta shan ruwa, ga wanka, ga wanki. Kuɗin garuwa na watan Mayu da na lissafa ya kusa rabin haya. Duk tambayar da ta yi a gidajen mutane a gabana ta yi ta, ni kuma da na tashi kama gida ban yi ko ɗaya ba. Muka kwashe kaya muka sauko gangare, asarar kuɗin mota da na gyara duk a kaina.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo, don sai da aka daɗe na gane shi. A Maraɗi tana ɗinki, tana da matan da suka saba da hannunta shekara da shekaru, kuɗin sabulu da na kayan sallar yara ba ta taɓa tambayata ba. A takardar nan tawa mai layi a tsakiya ko alamar kekenta babu. Sai da ta yi kusan shekara a Tawa kafin ta samu masu kawo mata ɗinki, kuma ranar da ta fara cewa in ba ta na omo na ga yadda ta kawar da kai. Abin da ya tashe ta daga baya shi ne 'yan bida. Adar ƙasar masu tafiya neman kuɗi ce, Abijan, Libiya, Kamaru, kusan kowane gida akwai wanda ke waje, kuma idan suka aiko da atamfa da shadda gab da sallah ko biki, aiki sai ta ture.

Daren da muke tsoro ya zo a watan Janairu na 2023, cikin tsananin hunturu. Yaron ya tashi da zazzaɓi da ciwon ƙirji, idonsa ya yi fari fat. A asibiti aka ce sai an ƙara masa jini, nawa kuma bai dace ba. Ban kira kowa ba sai maƙwabcina, don ya kula mini da gida. Kafin a yi kiran assalatu sai ga shi da ƙannensa biyu da ladanin masallacinmu, kowa ya naɗe hannun riga. Na biyu da aka gwada ya dace. Har yau in yaron ya yi rashin ji, mutumin nan yakan ce masa, "Kai, jinina ne a jikinka, kada ka ba ni kunya."

Wannan bai sa Yamai ta daina zama Yamai ba. Bayan ya warware sai da muka kai shi can a yi masa gwaje-gwajen da likita ya ce a yi, kilomita wajen 550, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, yini guda cur a mota da yaron da bai gama murmurewa ba. Yanzu duk shekara muna yin wannan tafiya, da kuɗin mota da na masauki da kwanakin da nake ɗauka a wurin aiki. Da ciwonsa ya fi haka tsanani, da ban ga yadda za mu zauna nesa da cibiyar nan ba, kuma wanda ya zo mini da irin wannan shawara ba na ce masa ya yi yadda na yi. Abokan aikina biyu da suka tafi Yamai a shekarar da na zo Tawa duk sun wuce ni a matsayi. Wani lokaci abin yana taɓa ni, musamman in takarda ta zo daga babban ofishi da sa hannun wanda ni na koya masa aiki.

Amma ina cin abincin rana a gida. Minti bakwai ne a kan babur. Autarmu ta tashi da Hausar Adar a bakinta, in mun je Maraɗi Inna ta yi ta sa ta magana tana dariya.

Watan jiya aka sake yi mini tayin Yamai. Babbar 'yarmu saura shekara biyu ta yi bak, jarrabawar kammala sakandare, kuma likitanci take so, wanda ba a Jami'ar Djibo Hamani ta nan za ta karanta shi ba. Na zo gida na faɗa wa uwargida. Tana kan keke, ba ta ɗago ba, ta ce in nemi hutu a watan Agusta, lokacin da ruwa ke tsakiyar zuba, mu je tare mu duba.