Brekar AFCI ta daina faɗuwa: farar waya ce ta hana ni barci mako biyu

Jama'a, jiya bayan isha'i na kunna fitilu shida na ɗakin ƙasa, na tsaya ina jiran ƙarar "tak" ɗin nan daga akwatin brekoki, shiru. Na hau sama na kunna injin shara, na sauko, fitilu na nan garau. Alhamdu lillahi. Mako biyu ke nan ina fama da breka guda ɗaya, ta AFCI, wato irin wadda ke yanke wuta in ta ji tartsatsi a waya.

Ga waɗanda ba su ga rubutuna na baya ba, a jihar Minesota ta Amurka nake, kuma a nan mai gida yana iya karɓar izini ya ja wayar gidan da yake zaune a ciki da hannunsa, sifeto ya zo ya duba. Jihar ta koma bin NEC, kundin ƙa'idojin aikin lantarki na Amurka, bugun 2023, tun 1 ga Yuli na shekarar, don haka sashe na 210.12, mai maganar AFCI, ya hau kaina. Tunda na mayar da ɗakin ƙasan ɗakin zaman iyali, layin fitilunsa na bolt 120, amfiya 15, dole ya samu kariya daga tartsatsi. Wani ɗan'uwa ya ce mini shi ba a nemi haka a wurinsa ba. Gaskiyarsa, kowace jiha da yadda take karɓar kundin, Mishigan ma ta taɓa cire wannan sharaɗi daga dokarta ta gidajen zama. Ku duba ta jiharku kafin ku sayi komai.

Gidan namu an gina shi tun kafin a san wannan magana. Sharaɗin ya shiga kundin 1999, ya fara aiki a 2002 a ɗakunan kwana kaɗai, a 2008 ya kai falo da baranda ta ciki, a 2014 ya kama kicin da wurin wanki. Tsofaffin layukan gidan duk brekoki ne na gargajiya, ba ruwansu da inda wuta ta bi ta dawo. Nan matsalar ta ɓuya.

Na saka sabuwar brekar, farar wayar layi, wato nutural da wuta ke dawowa ta cikinta, a jikinta, jelarta mai lanƙwasa a sandar nutural, komai daidai. Na ɗaga ta, ta zauna. Ina taɓa makunni sai ta faɗi. Na fara zargin fitilun LED, na cire su ɗaya bayan ɗaya, na sa tsohon ƙwai, ba canji. Na buɗe akwatunan da na haɗa da hannuna duka, ina neman inda tsirarar wayar kariya mai zuwa ƙasa ta taɓa fara, ko inda ƙusar kama waya ta cije roba. Ban ga komai ba. Daga nan na yanke cewa brekar ce ta zo da lahani, na je na sayo wata, dala 52. Ta gargajiya ba ta kai dala 10 ba, shi ya sa kuɗin ya yi mini ciwo, musamman da sabuwar ta faɗi kamar 'yar'uwarta. Ranar nan na rufe akwatin raina a ɓace, kwana uku ban sauka ba. Har zuciya ta raya mini in mayar da ta gargajiya a huta, amma sifeto ba zai sa hannu ba, kuma ni ma ba zan kwana da iyalina a kan abin da ban gane ba.

Uwargida ce ta ba ni bakin zaren ba tare da ta sani ba. Fitilun ƙasa a kashe, brekar a sama, ta jona injin shara a soket na barandar sama, sai na ji "tak". Layin da ba a kunna komai a kansa ba, me zai kayar da shi? Sai dai in wutar wani layi ce ke bi ta cikinsa.

Da yawa daga brekokin AFCI ba tartsatsi kaɗai suke saurare ba, suna kuma auna abin da ya fita ta baƙar waya da abin da ya dawo ta fara, in bambancin ya kai wajen miliamfiya 30 sai su yanke. Na kashe wuta, na zare farar wayar daga jikin brekar, na sa mita tsakaninta da sandar nutural. Bai kamata a ji komai ba. Mita ta yi ƙara, alamar farar ta haɗu da wata a wani wuri. Na raba layin biyu na gwada, na sake raba rabin da ya yi ƙara, har na isa akwatin makunni na saman matakala, wanda ban taɓa zarginsa ba don tsohon aiki ne. Fitilar matakala da a layin baranda take, ni na ɗauke baƙar wayarta zuwa sabon layi, na kuma cusa farata cikin ƙullin fararen da na tarar. Biyar a ƙulli ɗaya, na layi biyu. Wuta na fita ta brekata, rabinta na komawa ta farar layin baranda. Na raba su, uku nan biyu can, aikin minti goma.

Abin da ya fi tsorata ni daga baya: sau nawa na riƙe farar nan da hannu don na kashe brekata, alhali layin baranda na kunne. In kun ga layi biyu a akwati ɗaya, ku kashe su duka, ku gwada farar ma. Mu da muka saba da tsohon launin wayoyi na can gida, inda baƙa ce nutural, sai mun ƙara kula a nan.

Saura soket biyu da nake son ƙarawa a layin barandar. Sassaucin da kundin ya yi wa mai tsawaita tsohon layi da bai wuce ƙafa 6 ba bai shafe ni ba tunda ƙarin soket zan yi, don haka shi ma sai AFCI. Brekar dala 52 ɗin ta samu wurin zama. Sifeto zai zo ranar Alhamis, in sha Allahu.