Kafin ka ƙara wa kokwamba ruwa, tona ka duba saiwa

Shekarar da na fara shuka kokwamba, tsiro 24 na dasa a komi biyu. Sun kama, sun fitar da ganye na uku da na huɗu, har na fara kafa musu sandunan da za su hau. Ran nan da tsakar rana na fito na tarar rabinsu sun langaɓe, ganye ya sunkuya kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ban tsaya wata-wata ba na ɗauko bokiti na kwarara musu ruwa. Washegari suka sake yin yaushi, na sake kwararawa. Kafin mako ya zagayo, tara sun kwanta ba su ƙara tashi ba. Da na tuge ɗaya sai na ga saiwar ta yi baƙi-baƙi ta yi laushi, ina murzawa fatarta na saluɓewa a yatsana, ga wani wari irin na ruɓa. Ashe ba ƙishirwa ce ta kashe su ba, ruwan da na yi ta ɗura musu ne. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin da hannuna na rene su tun suna iri.

Tun daga nan na gane cewa yaushi ba cuta ba ce ita kaɗai. Alama ce ta cewa ruwa ba ya isa ga ganye. To me ya tare shi? Yana iya zama babu shi a ƙasa, yana iya zama saiwar da za ta zuƙo shi ta mutu, ko kuma hanyarsa a cikin kara ce ta toshe. Ganyen duk iri ɗaya yake sunkuyawa, amma maganin wannan gubar wancan ne.

Abu na farko da nake yi yanzu shi ne haƙuri zuwa wayewar gari. Ganyen kokwamba faffaɗa ne, saiwarta kuma ba ta nisa, yawancinta a cikin santimita 30 na saman ƙasa take. Idan rana ta take, ganye na fitar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya kawowa, sai ya ɗan rusuna ko da ƙasa na da danshi. Irin wannan da la'asar sakaliya yake miƙewa, da asuba ka same shi tsaye ƙyam. Wannan ba ciwo ba ne. Abin da yake so ɗan inuwa ne a lokacin zafin rana, da busasshiyar ciyawa da za a shimfiɗa a kan komin don ta riƙe laima. Wanda ya kwana a langaɓe ya wayi gari a langaɓe, shi ne abin dubawa.

Sai in cusa yatsa a ƙasa kusa da gindin tsiron, har gaɓa ta biyu. Idan na ji ta bushe tana warwatsewa, ƙishirwa ce, kuma wannan ita ce mafi sauƙi: a ba shi ruwa a hankali a gindi har ya ratsa, cikin sa'o'i kaɗan zai farfaɗo. Kokwamba na buƙatar kamar milimita 25 na ruwa a mako, fiye da haka idan ana zafi ko ƙasar rairayi ce. Ban ruwa mai ratsawa sau biyu ko uku a mako ya fi yayyafin kullum da bai wuce saman ƙasa ba. Idan kuwa yatsa ya fito da taɓo, ga tsiro a langaɓe, to a ajiye bokiti. Saiwa ma numfashi take yi. Ruwa in ya kwanta ya cike ƙofofin iskar da ke cikin ƙasa, sai ta shaƙe ta fara ruɓewa, ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta shan ruwa ko da a cikin tafki take. A irin wannan caɓin ne ƙwayar cutar da ake kira Pythium take samun yadda take so. A ƙananan tsiro za ka ga wuyan kara, daidai inda ya haɗu da ƙasa, ya jiƙe ya tsuke kamar an matse shi da zare, sai tsiron ya kife. Wanda ya kai haka ba ya dawowa. A cire shi da ƙasar gindinsa, a buɗe wa ruwa hanya, a bar komin ya sha iska. Ni dai tun daga lokacin a kan kunya mai tudu nake shuka, in kuma a tukunya ce sai na tabbatar gindinta a huje yake.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne tsiron da ƙasarsa lafiya lau, saiwarsa fara tas, amma ganye ɗaya ya yi yaushi yau, gobe reshe guda, jibi duk shukar. A nan wuƙa ce ke ba da amsa. Yanke karan kusa da gindi, ka haɗa bakin yankan biyu ka ɗan danna, sannan ka raba su sannu a hankali. Idan ka ga wani farin abu mai yauƙi yana jan zare tsakaninsu, bakteriya ce mai suna Erwinia tracheiphila, wadda ta fi addabar manoma a Amurka. Ba a ƙasa take zaune ba, a cikin hanjin wani ɗan ƙwaro take, ruwan ɗorawa mai ratsin baƙi ko ɗigo-ɗigon baƙi. Yana cin ganye yana kashi a kan raunin, ta nan cutar ke shiga ta hayayyafa har ta toshe hanyoyin ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kankana ba kasafai take kamuwa ba, amma kokwamba ba ta da juriya gare ta. Babu feshin da ke warkar da wanda ya kamu, sai dai a tuge shi a kai nesa don ƙwaron kada ya ɗauka ya kai wa na kusa. Kariyar ita ce a lulluɓe ƙananan tsiro da raga mai ƙananan ido tun ranar dashe, a yaye ta da zarar fure ya fito domin ƙudan zuma su samu shiga, in ba haka ba ba za a ga 'ya'ya ba.

Idan babu yauƙi, tsaga karan a tsaye ka duba cikinsa. Lafiyayye fari ne mai ɗan kore. Idan ka ga layi ruwan ƙasa ya bi tsawonsa, ga ganyen ƙasa sun fara rawaya, wani lokaci ma gefe ɗaya na shukar ne kawai ya langaɓe, to wani ciwo ne mai suna Fusarium. Wannan a ƙasa yake zaune, kuma yana shekaru a cikinta. Shi ya sa ba na maimaita kokwamba a wuri ɗaya sai bayan shekara uku ko huɗu, kuma ba na zuba tsiron da ya kamu a ramin taki. Haka nan in ka tuge ka ga saiwa ta yi ƙulli-ƙulli kamar an jera duwatsun wuya, aikin nematod ne, wata tsutsa da ido ba ya gani. Ita da Fusarium duka ana rage musu ƙarfi idan aka jiƙa komin aka rufe shi da farar leda mai ganin ciki na mako huɗu zuwa shida a lokacin da rana ta fi zafi.

Akwai ƙananan dalilai da ba sa buƙatar dogon bincike. Takin zamani in ya taɓa gindi ko ya yi yawa yana ƙona saiwa, gefen ganye ya bushe. A wanke ƙasar da ruwa mai yawa sau ɗaya. Tsiron da ka tarar a yanke ƙasa-ƙasa da safe, tsutsa ce ta datse shi da dare, ka ɗan tona kusa za ka same ta a naɗe. Ƙasa mai sanyi ƙasa da digiri 15 ma tana sa saiwa ta kasa aiki. Sannan kokwamba ba ta son a taɓa mata saiwa, don haka a dasa ta da ƙasarta gaba ɗaya, da yamma, a yi mata inuwa kwana biyu ko uku.

Bana tsiro ɗaya ne ya kwana a langaɓe. Na cusa yatsa, ƙasar ta yi caɓi, ashe ruwan da ke gangarowa daga komin sama a gindinsa yake taruwa. Na tona gefe a hankali na ga bakin saiwar ya fara canza launi amma cikinta da sauran fari. Na haƙa masa 'yar magudana, na kafa masa inuwa, na hana kaina ba shi ruwa kwana huɗu, duk da kullum sai na je na tsuguna a kansa ina ji kamar in zuba. Ran na biyar da asuba na tarar sabon ganye ya leƙo daga tsakiya, tsohon kuma ya ɗago kai.