Littafin zanena da kwana tara a Kumasi

Yau kwana uku da dawowata Kano, amma har yanzu in na kwanta sai in ji kamar mota na jijjiga ni. Gara in rubuta tun abin bai huce ba.

Wata takwas ke nan da na fara koyon zane da fensir, ni kaɗai, ba malami. Aikina shi ne in buɗe Instagram ko Pinterest, in sami fuskar wani, in kwaikwaya. Da farko abokai na ta zuga ni, wai hannuna na da kyau. Amma duk ranar da na ajiye waya na ɗauki fensir, sai in yi rabin awa ina kallon farar takarda, kaina fayau. Saboda haka da mahaifina ya ce zai aike ni Kumasi ta ƙasar Gana in kai wa amininsa gudummawar bikin 'yarsa, ban tsaya jan aji ba. Kakana da mahaifin mutumin tare suka yi fataucin goro, zumuncin kuma bai yanke ba. Na sayi sabon littafin zane mai shafi sittin na jefa a jaka.

Hanyar Legas zuwa Akara ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, sai abu ɗaya. A ɗaya daga cikin iyakokin uku, wani jami'i ya zazzage jakata a kan tebur mai danshi, duk da fasfo ɗina na ECOWAS da katin rigakafin shawara suna hannunsa. Ya ɗauki 'yar askar da nake fiƙe fensir da ita ya ce makami ne, ya sa a aljihu. Sannan ya buɗe littafin, ya yi ta juya shafuka, ya ga ba komai sai fuskoki biyu da na zana a mota. Ya tambayi sana'ata, na ce mai zane. Ya kwashe da dariya ya nuna wa abokin aikinsa: "Mai zane ba zane!" Sai da na ba shi na goro kafin ya buga hatimi. Kuɗin bai dame ni ba kamar maganar, don gaskiya ya faɗa.

Mai masaukina, Baba Alhaji, a Aboabo yake zaune, cikin Zangon Kumasi. Wanda bai je ba ba zai yarda ba: ka sauka daga mota a ƙasar Asante, ka ji yara na faɗa da Hausa, mai koko da ƙosai na kiran ciniki da Hausa, ladan na kiran salla ta ko'ina. Sai dai Hausar tasu ba ruwanta da mace da namiji. Da Baba ya ce mini "Hajiya ya tafi kasuwa", sai da na waiga ina neman wane ne. Su kuma dariyar tawa Hausar suke, wai ina magana kamar rediyo. Hajiya ta ɗure ni da wake da shinkafar nan tasu da suke kira waakye, sunan ma daga wakenmu ya fito, ana dafa ta da karan dafi har ta yi ja, a zuba taliya da gari da ƙwai da wani baƙin yaji mai suna shito. Kwana tara ban sayi abinci da kuɗina ba ko sau ɗaya. Na yi yunƙuri, Hajiya ta ce in na sake sai ta kira babana.

Daren farko Baba ya karɓi wayata ya duba hotunan tsofaffin zanena. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, duk waɗannan fuskokin ka san masu su?" Na ce, "A'a, Baba, a intanet na samo." Ya ce, "To me ya haɗa ka da su?" Ya ƙara da cewa shi a nasa ganin gara in rage zanen fuska, saboda maganar malamai a kan surar mai rai. Ban ja da shi ba. Washegari ya haɗa ni da jikansa ya ce a kai ni Kejetia.

Ni ɗan Kano ne, na san Kurmi, na san Kwari da Sabon Gari, ban zaci wata kasuwa za ta ruɗa ni ba. Kejetia ta ruɗa ni. Sabon ginin hawa-hawa ne, amma cinikin ya malalo har kan tituna, ba inda za ka tsaya wani bai bangaje ka ba. 'Yan matan nan masu dako da ake kira kayayo, yawancinsu daga arewacin Gana, suna ratsa mutane da manyan bahuna a ka, wuya a miƙe kamar an dasa. Na so in zana ɗaya, kafin in ja layi uku ta ɓace. Na gwada ta biyu, haka. A ta biyar ne na daina neman ido da hanci, na ja layin baya da wuya da bahon kawai, cikin daƙiƙa kaɗan. Da na duba sai na ga ya fi duk fuskokin da na kwashe kwana bibbiyu ina shafa wa inuwa rai.

Inda na fi daɗewa wajen wata dattijuwa ce mai goro a Zango, wadda kowa ke kira Mma. Na nemi izini in zauna gefenta, ta ce in zauna amma kada in zana fuskarta. Sai na zana hannuwanta: yadda take tsince marsa daga ƙanana, ta ware fari da ja, ta yayyafa ruwa, ta rufe da ganye. Yatsun sun lanƙwashe da tsufa, ga tsohon lalle a farce. Na zana kwandon, na zana goro guda da ta ɓara biyu, na cika shafi shida. Da na nuna mata ta ce babban yatsan ya yi tsawo, nata bai kai haka ba. Da na auna, ita ce da gaskiya. Abin haushin, kasuwar goro ta Mariri tana nan Kano tun kafin a haife ni, ban taɓa zuwa da fensir ba.

Ntonso ƙauye ne a hanyar Mampong, ba nisa da gari, can ake buga alamomin gargajiyar Asante da ake kira adinkra a jikin yadi. Hatiman da ɓallin ƙwarya ake sassaƙa su, tawadar kuma daga ɓawon wata bishiya da suke kira badie, a jiƙa, a daka a turmi, a yi ta tafasawa har ta yi kauri kamar kwalta. Mai bugun ya fara jan layuka da wani abu mai kama da matsefi, ya raba yadin gida-gida, sannan ya cika kowane gida da alama ɗaya. Kowace alama da maganarta. Gye Nyame ma'anarta "sai Allah". Sankofa tsuntsu ne da ya waiwaya baya, wato koma ka ɗauko abin da ka bari. Dwennimmen ƙahon rago ne, ƙarfi tare da tawali'u. Ina kallo ina tuna dagin Arewa, da aska takwas a babbar riga, da zayyanar allon sauka, da zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya. Mu ma muna da su, sai dai ni ban taɓa tambayar wani maɗinki ko magini me suke nufi ba. A nan yaro ɗan firamare zai faɗa maka.

Ciniki kuwa sai da muka kai ruwa rana. Na zaɓi hatimai uku, mutumin ya ga baƙo ya yanka mini kuɗin da ko Bature zai yi tsaki. Jikan Baba ya sa baki da Asantanci, aka faɗo ƙasa da rabi, har da gyaran ɗan ƙyalle da na buga da hannuna. Ra'ayina game da farashin Kumasi: in ka riƙa juya sidi zuwa naira a kanka, ko ruwa ba za ka sha ba. Fensir da takarda mai kauri sun fi na Kano tsada nesa ba kusa ba. Amma ladabi, a ba su. Ɗan kwandastan trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya, zai ce maka "don Allah" kafin ya karɓi kuɗinsa, kuma kada ka kuskura ka miƙa da hagu.

Na shiga gidan tarihin Manhyia, fadar sarkin Asante, ginin da Turawan Ingila suka yi a 1925 domin Sarki Prempeh na ɗaya bayan ya dawo daga tsibirin Seychelles inda suka kai shi zaman dole. A 2024 aka dawo da wasu kayan zinaren da aka kwashe tun yaƙin Ingila da Asante na 1874, wasunsu ma wai aro aka bayar. Aron kayanka a hannun wanda ya ƙwace, ni dai ban gane ba. Abin da ya fi shiga littafina shi ne 'yan ma'aunan zinare na tagulla, ƙanana kamar ɗan yatsa, da yawansu da karin magana a bayansu. Nan take na rubuta karin maganarmu goma a shafin ƙarshe don in gwada zana su, na fara da kaza a kan dami.

Jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wato KNUST, na leƙa ta da yamma ɗaya. A nan fitaccen mai fasaha El Anatsui ya yi karatu, wanda ya koyar a jami'ar Nsukka shekaru da yawa, yake ɗinka murafen kwalabe su zama kamar ƙaton mayafi. Ibrahim Mahama ma nan ya fito, shi da tsofaffin buhunan koko yake aiki. Bonwire, garin masaƙan yadin gargajiya na kente, ban samu zuwa ba, biki ya cinye kwana biyun ƙarshe.

Dawowa ba labari, barci na yi ta yi. Shafi arba'in da ɗaya na cika. Hatimi ɗaya ya fashe a jaka tsakanin Kwatano da Legas, na Sankofa ne. Goron da Mma ta ba ni in kawo wa mahaifiyata ya iso lafiya, sai dai mahaifiyar tawa ta ce in daina ɗauka ina ɓarawa don zane, ba don haka aka aiko ba.