Wuƙa Na Ɗauka, Buta Na Bari

Shekaranjiya da daddare a teburin mai shayi nan unguwarmu a Garwa, musu ya kaure tsakanin samari. Wai idan aka jefa mutum tsakiyar daji aka ce ya zaɓi abu ɗaya tak, me zai ɗauka? Wannan ya ce wuƙa, wancan ya ce adda, wani ya ce ashana, wani ɗan gayu ya ɗaga wayarsa ya ce ita kaɗai ta ishe shi. Da suka juyo kaina na nuna musu babbar butar ƙarfen da ke kan murhun mai shayi. Suka kwashe da dariya, har ɗaya yana cewa Baba zai je daji yin alwala. Ban yi fushi ba, don ni ma ina da shekarunsu na yi wa kawuna irin wannan dariyar, kuma saura ƙiris in biya ta da raina.

Lokacin ina ɗan shekara 23, ina fataucin ƙananan kaya a kan babur: sabulu, batir, sukari, ɗan ɗanɗanon miya. Daga Garwa in bi titin Ngaundare, in karya kwana a Gijiba in nufi Cholire, daga can in riƙa bin kasuwannin ƙauyukan ƙasar Rai Buba. Ranar da na fara wannan sana'a kawuna ya miƙo mini wata tsohuwar butar ƙarfe mai cin kamar lita uku, gindinta baƙi ƙirin da hayaƙi, ya ce in ɗaure ta a bayan babur kada in kuskura in rabu da ita. Na yi tafiya biyu da ita na ajiye. Tana ƙararrawa a kan hanya, kuma gani nake tana mai da ni tsoho a idon 'yan mata. Abin da nake taƙama da shi shi ne wata wuƙa da na saya a Ngaundare sefa dubu 7, mai kube na fata da ƙota mai ado. In na soke ta a ƙugu sai in ji ba abin da daji zai iya yi mini.

Cikin watan Afrilu abin ya faru. Duk ɗan arewacin Kamaru ya san bazararmu, zafi kan haura digiri 40, ciyawa ta ƙone, mayo-mayo, wato koguna, duk sun zama rairayi. Wani ya kwatanta mini wata hanyar shanu wai ta fi sauri zuwa kasuwar da zan ci, na bi ta da ledar ruwa uku a aljihun jaka. Wajen ƙarfe 11 na safe sarƙar babur ta tsinke. Ba gida gaba, ba gida baya, waya ba sabis ko layi ɗaya.

Nan na fara jera wauta. Na shanye leda biyu a take, ta ukun na zuba rabinta a ka don in ji sanyi, na watsar da ledojin. Sannan maimakon in nemi inuwa in zauna har rana ta yi sanyi, sai na kama turin babur da kaya a kansa rana tsaka, don tsoron kada a sace mini sabulu a dajin da ko tsuntsu ba ya motsi. Ku riƙe wannan, ƙannena: mai tafiya a ƙasa cikin irin wannan rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda cikin awa ɗaya. Yunwa tana iya haƙuri da mutum makonni, amma ƙishirwa kwana uku take ba shi, a zafinmu ma ba lalle ta kai hakan ba. Kafin la'asar harshena ya yi kauri a baki, kaina yana sarawa, fitsarin da na yi ɗan kaɗan ne kuma ja kamar shayi. Dole na jingine babur a gindin wata tsamiya na ci gaba da ƙafa.

Allah ya sa na faɗa wani mayo, kuma na san abu ɗaya da kowane yaron ƙauye ya sani: kogin da ya ƙafe a sama sau da yawa yana ɓoye ruwa a ƙarƙashin rairayi, musamman a lanƙwasa inda ɓaure da giginya suka yi kore shar alhali sauran itatuwa sun kaɗe. Na durƙusa na fara tono da wuƙata mai tsada. Ba ta kwasar ƙasa, sai dai ta soka, don haka na koma yi da hannu. Da ramin ya kai tsawon hannuna sai rairayi ya yi danshi, can ruwa ya fara tsattsafowa, ja, kamar kunun kanwa. Na yi hamdala. Sai kuma ga wata matsalar: da me zan ɗebo shi? In na zura tafin hannu bango ya rufta, in na kafa kai ba na isa. Ƙarshe rigata na cire nake tsomawa ina tsotsa, yashi yana ƙaras-ƙaras a haƙora.

Abin da na gane a bakin ramin nan shi ne dalilin wannan rubutu. Na samu ruwa, amma na zama fursunansa. Ba ni da abin da zan ɗauki ko kofi ɗaya in yi gaba da shi, kuma na san in na bar wurin na yi tafiyar awa biyu ban tarar da mutane ba, ba ni da ƙarfin dawowa. Haka na kwana a nan, kura tana kuka daga nesa, ni kuma ina rungume da wuƙa kamar za ta yi mini wani abu. Da gari ya waye na taka gaba kaɗan na tarar da wani ɗan kududdufi da shanu suka tattake, kore-kore, yana wari. Na kifa kai na sha har na ƙoshi.

Hantsi ya dubi ludayi sai ga wani dattijon Bororo da garkensa. Ya tsaya ya ƙare mini kallo, daga tsinkakken takalmina har wuƙar da ke ƙuguna. Na ce, "Baffa, ka taimake ni don Allah." Ya ce, "Kaɗo, da wannan me ka zo yankawa a nan, ƙishirwa?" Bai jira amsa ba. Ya sauke wata buta da ke rataye a sandarsa, ƙanwar wadda na baro a gida. Da murfinta ya faɗaɗa ramina cikin ɗan lokaci, da murfin ya riƙa ɗebo ruwa yana zubawa ta bakin rawaninsa da ya ninka a kan butar. Ya haɗa duwatsu uku, ya hura wuta, ya bar ruwan ya tafasa, ya jefa ganyen shayi da sukari. Bayan mun sha ya sake cika ta, ya toshe hancinta da ɗan tsinke da tsumma, ya miƙo mini in riƙe. Da wannan ruwan muka yi tafiyar kusan awa uku zuwa rugarsu. Da sauran shan ruwana a duniya, shi ke nan.

Kududdufin nan kuwa bai yafe mini ba. Kwana biyu da komawa gida gudawa ta kwantar da ni, har da jini, na yi mako biyu ba na iya ɗaga buhu. Kuma na ci sa'a da abin ya tsaya nan. Ruwan kwance a yankinmu yana ɗauke da kwalara, da taifot, da kurkunu wadda sai bayan kusan shekara take ɓullowa a ƙafa. A 1986 mutum wajen miliyan 3 da rabi ke kamuwa da kurkunu a duniya, yanzu ba su kai 20 a shekara ba, amma maƙwabciyarmu Chadi, musamman bakin kogin Shari, tana cikin 'yan wuraren da ta rage. Tacewa da ƙyalle mai ƙaramin ido tana tsare ƙananan ƙwarin ruwan da ke ɗauke da ita, amma ba ta tsare ƙwayoyin gudawa. Su sai wuta. In ruwa ya tafasa sosai yana ɓalɓala na minti ɗaya, ya wadatar. To a cikin me za ka tafasa? Jarka ta fi buta cin ruwa, ban musa ba, kuma yau ba na tafiya ba ita. Amma jarka ba ta hawa murhu, kuma faɗuwa ɗaya a kan dutse ko sukar farar ƙaya ta isa ta tsiyaye maka ita kana tuƙi ba ka sani ba. Butar ƙarfe in ta faɗi sai dai ta lotsa.

Wani daga cikin samarin, mai kaifin kai ne, ya ce to Baba butarka ba wuta ai gwangwani ce kawai. Gaskiya ya faɗa, rabinta. Ko ba wuta tana tono, tana ɗiba, tana ɗauka, ka ɗaura mata rawani ka zura ta rijiyar makiyaya, ka buga ta da dutse a ji ka daga nesa lokacin da muryarka ta dushe. Wuta kuma ana iya samunta a daji ta wasu hanyoyi. Kakanninmu da ƙyastu suke yi. Ni da ke da babur a gindin tsamiya, da ina da hankali, tartsatsin fulogi da tsumma mai ɗan fetur sun isa su ba ni wuta, muddin na yi nesa da tanki. Amma ka gwada ƙirƙiro abin zuba ruwa mai jure wuta a cikin daji da hannunka, ka gani. Abin da ba za ka iya samarwa a can ba shi ake ɗauka daga gida.

Wuƙa fa? Tana da ranarta, ban raina ta ba. Sai dai galibin abin da ake yi da ita a daji, fiƙe sanda ko yanke igiya, tsinin dutse yana iya yinsa ko da a wahalce. Kuma akwai inda take cutarwa. Kwarin Binuwai gidan kububuwa ne, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mai wuƙa a ƙugu in kububuwa ta sare shi abu na farko da zai faɗo masa shi ne ya tsaga wurin wai dafi ya fita, sai ya buɗe wa jinin da ba zai tsaya ba ƙofa. Abin yi shi ne a rage motsa ƙafar, a nemi asibitin da ke da allurar dafin maciji da gaggawa. Zancen kare kai daga namun daji kuma, wanda ya taɓa ganin ɓauna ko dorina ido da ido ba zai kawo maganar wuƙa ba. Waya kuwa ba sai na ɓata bakina ba, ku fita kilomita kaɗan daga kwalta ku duba fuskarta.

Ba na cewa amsata ta dace da ko'ina. Wanda zai shiga kurmin kudu inda ruwa ke zuba kusan kullum, wataƙila adda ce tasa. Amma daga Garwa zuwa Marwa, zuwa Kusiri, har ka haye Njamena ka nausa arewa wajen Faya, abin da ke saurin kashe ɓataccen matafiyi ƙishirwa ce, sai kuma ruwan da ƙishirwa ta tilasta masa sha.

Zan faɗa muku wata 'yar dabara, ko da yake samarin sun ce na yi maguɗi a musun. Ba na tafiya da buta ita kaɗai. A jikin mariƙinta akwai wani ɗan ƙunshin leda da na ɗaure tam: ashana, gishiri, sukari, da 'ya'yan zogale busassu. Zogalen in ka daka ka motsa a ruwa mai laka, ka bar shi ya zauna kamar awa guda, dattin yana kwantawa ƙasa, sannan ka tsiyaye ka tafasa. Gishiri da sukari kuma na ranar gudawa ne ko ranar da gumi ya tatse mutum: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a riƙa kurɓa a hankali. Kafin kowace tafiya nakan cika butar in ajiye ta a busasshiyar ƙasa ta kwana, da safe in ɗaga in duba ko akwai danshi a ƙarƙashinta, don irin waɗannan daga gindi suke fara yoyo. Maganin ƙararrawar da ta sa na yar da ta kawuna ma ashe ba wuya: ka cika ta fal, ka naɗe ta da tsohon buhu, ka ɗaure murfin da robar tayar babur.